Siririyar Laftof Da Ranar Sayarwa: Wa Ke Yanka Wa Kayanmu Farashi?

Rubutun yana da ɗan tsawo, amma duk mai niyyar canza laftof a wannan zangon ya daure ya kai ƙarshe.

Duk lokacin da zangon karatu ya zo gangara, guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp sai su koma kasuwa. Wannan ya ɗora hoton HP ya ce tana nan garau, ba ta taɓa zuwa wajen mai gyara ba. Waccan ta ce za ta ba da tata, ta yi ciko ta ɗauki mai ƙarfi, saboda aikin kundi ya taso kuma tsohuwar ta fara jan ƙafa. Bayan kwana biyu sai ka ji mai kaya yana faɗa, wai an taya masa rabin abin da ya saya alhali ko ƙwarzane babu a jikinta. Wani kuma ya zo yana washe baki, wai shi riba ma ya ci, ya sayar fiye da yadda ya saya.

Ni ɗan Izom ne, ina digiri na biyu, kuma karatun ya koya mini in tambayi asalin abu kafin in yi masa hukunci. Da na bi tarihin waɗannan siraran kwamfutoci marasa nauyi da muke rububi, abin da na fahimta shi ne: kula da kaya yana da amfani, amma mafi yawan farashin da za a taya maka an riga an yanka shi tun kafin kwamfutar ta shigo hannunka. Wanda ya ƙera ta ya yanka nasa, kamfanin da ya fara amfani da ita a Turai ya yanka nasa, mai manhaja da kasuwar canji su ma haka. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

YADDA KWAMFUTA TA RAME

A 1981 aka fitar da Osborne 1 a Amurka, wadda ake lissafawa cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka na farko da suka yi kasuwa. Nauyinta ya kusa kilo 11, kuɗinta dala 1,795, gilashinta kuwa inci biyar kacal. Wato kamar ka rungumi keken ɗinki ka ce za ka lakca da shi. A 1985 Toshiba ta kawo T1100, a 1992 kuma IBM ta fito da ThinkPad, baƙar nan mai jan ɗigo a tsakiyar madannai, wadda kamfanin Lenovo na Sin ya gaje ta da ya sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005. Duk tsawon wannan lokaci laftof kayan manyan ma'aikata ce, ɗalibi sai dai ya gani a hannun farfesa.

Shekarar 2007 ce ta fara sauya lissafi, kuma da mu aka yi. A shekarar ne aka kai ƙananan kwamfutocin XO, masu launin kore da fari, makarantar firamare ta Galadima a Abuja, ƙarƙashin shirin Nicholas Negroponte na bai wa kowane yaro laftof, wadda aka yi ta yi wa kirari da kwamfutar dala ɗari. Galadima fa nan ce kusa, a kan hanyar Kubwa da muke bi in mun taso daga Suleja za mu shiga cikin birnin. A shekarar dai kamfanin Asus ya fitar da Eee PC mai gilashi inci bakwai, sauran kamfanoni suka bi sahu. Su ne waɗanda yayyenmu suka riƙa kira "mini". Ƙanana ne, ga araha, ga shiga jaka.

To ina suke yau? Zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera su. Injinsu ba shi da ƙarfi, manhajoji suka yi musu nauyi, ga iPad ta fito a 2010 ta kwashe masu son ƙaramin abu. Wanda ya sayi mini da kuɗin gumi ya wayi gari ba mai tayawa. Darasin farko ke nan: ƙanƙanta kaɗai ba ta riƙe daraja. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe.

Wadda ta kafa salon da muke ciki yanzu ita ce MacBook Air. A Janairun 2008 Steve Jobs ya zaro ta daga cikin ambulan a gaban jama'a, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuɗinta dala 1,799. Ku lura, kusan kuɗin Osborne na shekara 27 baya. A 2011 Intel ta mayar da martani da abin da ta kira Ultrabook, har ta ware dala miliyan 300 don a ƙera sirara masu Windows. A 2012 sai ga Dell XPS 13, ga ThinkPad X1 Carbon, ga HP EliteBook Folio 9470m. Folio ɗin nan, wallahi da wuya ka samu sashen da ba a rubuta furojet da ita ba a jami'o'inmu.

YADDA TA ISO IZOM

Kusan dukkanmu ba sabuwa muke saye ba, kuma wannan ma yana da tarihi. Tun da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986 aka karya darajar naira, sabon kaya daga waje ya fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan kasuwar kayan hannu ta buɗe: motocin Beljiyam da na Kwatano, firji, talabijin, gwanjo. Yarabawa suka ce musu tokumbo, wato abin da ya tsallako teku, sunan ya bi ƙasa gaba ɗaya. A shekarun 1990 titin Otigba da ke Ikeja a Legas, wanda unguwar zama ce a da, ya fara cika da masu sayar da kwamfuta da masu gyara. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai wurin ya bunƙasa ya zama Computer Village da kowa ya sani. An yi yunƙurin haɗa namu na gida, Zinox ta Leo Stan Ekeh ta fito a 2001, ga Omatek ta Florence Seriki, amma abin da ya cika jakunkunan ɗalibai dai na hannu ne.

Ba duk abin da kwantena ta kawo ne alheri ba. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta fitar da rahoto cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas duk wata, kuma masu harkar sun ce har kashi 75 cikin ɗari na iya zama shara. Ƙasar da ta ga abin da ya faru a Koko a 1988, lokacin da aka jibge mata guba daga Italiya, bai kamata ta yi wasa da wannan ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, a 2011 aka fitar da ƙa'idojin shigo da kayan lantarki na hannu. Duk da haka, binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano kusan tan 60,000 na irin waɗannan kaya na shigowa a shekara, fiye da kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai, mafi yawa an cusa su a cikin motocin tokumbo.

Masu kyau daga cikin laftof ɗin da ke zuwa mana galibi na ofisoshi ne. Bankuna da kamfanoni a Ingila da Amurka sukan sayi EliteBook ko Latitude ko ThinkPad da ɗaruruwa, su yi aiki da su shekara uku ko huɗu, garanti na ƙarewa su sallame su gaba ɗaya ga dillalai. Daga can sai Legas, daga Legas sai Banex Plaza a Wuse ko titin Beirut a Kano, daga nan shagunan Suleja, sannan jakar ɗan Izom da zai hau mota zuwa Minna, ko ya ratse ta Lambata ya nufi Lapai, ko ya yi Gwagwalada. Kowane hannu ya ɗora ribarsa da kuɗin motarsa.

Ka ga ke nan ranar da ka biya kuɗi kana cewa "sabuwar laftof ɗina", ita ta riga ta ci shekara huɗu ko biyar a duniya. Ka riƙe ta shekara uku na karatu, ta zama 'yar shekara takwas. Kuma a ranar da ka fitar da ita kasuwa, wata kwantenar ta sauka da irinta ɗari-ɗari, ko ma waɗanda suka fi ta sabunta. Mai shago ba zai ba ka kuɗin da zai iya saro wadda ta fi taka da shi ba. Kai kana ganin ƙeta ce, shi kuwa lissafin jarinsa yake yi.

Abin da ya hana farashin rushewa gaba ɗaya shi ne mu ɗin ma muna da yawa. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta mayar da kowa kan kwamfuta. Rajistar kwasa-kwasai ta koma intanet. Korona ta rufe makarantu a Maris 2020, aka koma taro ta Zoom. Yajin aikin ASUU na 2020 da na wata takwas a 2022 ya tura dubban ɗalibai koyon zane da rubuta manhaja a gida. Yau ba sufabaizan da zai karɓi babi rubuce da biro. Masu nema na nan, amma sun waye, sun san abin da suke tambaya.

ABIN DA SIRANTAKA TA CI

Don a rage kauri dole a sadaukar da wani abu. Tsofaffin laftof masu kauri, murfi kake buɗewa ka ƙara ram, ka canza ma'ajiya, ka zare batir da hannu ka sa wani. A siraran kuwa, da yawa an narka ram ɗin a jikin bod. MacBook Air tun ta farko haka take, kuma daga samfurin 2018 har ma'ajiyar an manne ta. X1 Carbon ma ram ɗinta ba ya fita. Idan ka sayi mai giga huɗu ko takwas, a haka za ta tsufa. Mai saye na gaba ya san da wannan, shi ya sa tambayarsa ta farko ita ce "ana ƙara mata ram?" In ka ce a'a, ka ji yadda murya take sauka.

Sai batir. Yana cikin ciki, wani lokaci da gam. Apple da kanta ta ce batiran MacBook na zamani an tsara su ne su kai caji dubu ɗaya kafin ƙarfinsu ya sauka zuwa kashi 80 cikin ɗari. Wannan lissafin ofis mai sanyi ne. Mu nan ga zafin Maris da Afrilu, ga cajin janareta, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama, ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙaramar fankar. Batir ya kumbura ya ɗaga madannai, shi ke nan an zabge maka kuɗin batir da na aiki daga farashi.

Wani lokaci kuma aibin daga ƙira yake. Tsakanin 2015 da 2019 Apple ta yi amfani da wasu siraran madannai da ƙura kaɗan ke maƙalar da su, har aka kai ta kotu a Amurka, a 2022 ta amince ta biya dala miliyan 50. Waɗannan samfura suna nan suna yawo a kasuwanninmu, kyawawa a ido. Wanda ya san tarihinsu ba ya taya su da daraja.

A nan ne za ka gane dalilin da ya sa mai gyara a Suleja ya fi sakin fuska in ka kawo masa EliteBook 840 ko ThinkPad T480. Sun shigo da yawa, don haka gilashinsu da madannansu da batirinsu na nan a kowane lungu, ana ciro na matacciya a sa wa mai rai. Kwamfutar da ake samun kayan gyaranta a kusa, ita ce ke saurin fita ranar sayarwa. Wadda sai an yi odar gilashinta daga Legas kuwa, sai dai ka yi ta sabunta talla.

RANAR DA MAI MANHAJA YA JANYE

Wannan shi ne wanda ya fi cin mutane ba su sani ba. A ranar 5 ga Oktoba 2021 Microsoft ta fitar da Windows 11, ta ce a hukumance, in kwamfutar mai injin Intel ce, sai janareshan na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2017, ban da 'yan ƙalilan da ta keɓe. Sannan ta sa ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, da ƙarin wa'adin shekara guda na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista. Da wannan sanarwar aka raba kasuwa gida biyu. Folio 9470m janareshan na uku ce. EliteBook 840 G3 na shida ce, G4 na bakwai. Duk suna aiki lafiya, kuma masu gyara sun san dabarar ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, amma kamfanonin Turai ba sa wannan dabarar. Fitar da su suke yi, su kuma su nufo inda aka saba. Kaya ya yi yawa, daraja ta sauka.

Ɓangaren Apple ma haka. A Nuwamba 2020 ta fito da MacBook Air mai injinta na kanta, M1, mai sauri, mai riƙe caji, ba ta ma da fanka. Wanda ya sayi Air mai Intel 'yan watanni kafin nan, kayansa ya tsufa a dare ɗaya. A Yunin 2025 kuma Apple ta sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kwamfuta mai Intel, kuma babu Air mai Intel ko ɗaya a jerin waɗanda za su karɓe ta. Maganar da ake yi cewa MacBook ba ta faɗuwa, a tambayi wacce MacBook ɗin tukuna.

RIBAR DA BA RIBA BA

Saura wanda ya zo yana murna. A Yunin 2016 Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 197 zuwa kusan 280 a hukumance. A Yunin 2023 aka sake sakin ta daga wajen 460, kafin Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Tun da laftof da dala ake saro ta, duk wadda ke cikin ƙasa ma kuɗinta ya tashi a naira.

Ga misali, na lissafi ne kawai. A ce ka sayi laftof naira 150,000 a tsakiyar 2021, lokacin dala na wajen 500 a kasuwar bayan fage. Dala 300 ke nan. A 2024 ka sayar da ita 250,000, dala na 1,500. Abin da ka karɓa bai kai dala 170 ba. A takarda ka ci ribar dubu ɗari, a zahiri kusan rabin darajarta ya tafi. Za ka tabbatar da haka ne in ka shiga shago neman wadda za ka maye gurbinta, ka ji kuɗin ciko. Don haka ma'aunin gaskiya ga mai canji shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka ba shi da kuɗin wadda yake so. Kuma in naira ta ɗan farfaɗo, wanda ya saya a lokacin tsada shi zai sha ƙasa.

TO MENE NE ABIN YI?

Tun ran gini tun ran zane. Ranar saye ake shirya ranar sayarwa. Kafin ka biya, ka tambayi shekarar da aka ƙera ta da janareshan ɗinta, kar kyan jiki ya ɗauke maka hankali. Ka tambaya ko ana ƙara ram, in ba a ƙarawa ka ɗauki mai isasshe tun farko. Ka duba lafiyar batir a gaban mai shago: a Windows ka rubuta powercfg /batteryreport zai nuna maka ƙarfinsa na asali da na yanzu, a Mac kuma akwai adadin cajin da aka yi. Ka tabbatar ba a kulle ta da iCloud ɗin wani ba, ba kuma makullin wani kamfani a kanta, don irin wannan ba ta sake sayuwa sai a matsayin kayan gyara.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar, ka adana shi tare da cajarta ta asali. Ban da ƙara mata daraja, rasit ne zai fitar da kai in wata rana aka ce kayan sata ne. 'Yan uwa mata, ku ma ku riƙa duba wannan da kanku ko da wani kuka aika.

Lokacin sayarwa ma yana da tasiri. Farkon zango, sa'ad da sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe ke nema, ya fi ƙarshen zango da kowa ke neman kuɗin mota. Sayar wa ɗalibi kai tsaye ya fi kawo kuɗi, musaya a shago ta fi sauri da kwanciyar hankali, ka zaɓi wanda ya dace da halin da kake ciki. Ka faɗi aibin kayanka, ciniki ya yi albarka, gobe ma za ku haɗu a laburare.

Abu mafi muhimmanci, kundinka ya fi kwamfutar tsada. Kafin ta bar hannunka ka kwafe komai wuri biyu, ka buɗe ka tabbatar sun kwafu, ka fita daga duk asusunka, sannan a goge ta tas. Hotunan gida da bayanan mutanen da ka yi wa tambayoyin bincike amana ne. Kuma don Allah kar ka yi canji saura sati biyu difens.

Wani lokaci ma canjin bai zama dole ba. In taka mai karɓar ƙari ce, sabon batir da ƙarin ram da ma'ajiya mai sauri za su iya kai ka ƙarshen digiri da kuɗin da bai kai ciko ba. Yawancinmu a nan gida, kuɗin laftof daga buhunan doya ko masara ya fito, ko adashin mahaifiya, ko albashin yaya. Irin wannan kuɗi ya cancanci a yi masa lissafin shekara uku gaba kafin a miƙa shi don siririn jiki da tambarin da ke baya.

Masu gyara da masu shago da ke cikinmu, ku faɗa mana samfurin da ya fi saurin fita a wajenku yanzu da wanda ya kwanta muku, ƙannenmu masu shigowa su amfana. Allah ya sa wa karatunmu albarka, ya ba masu difens sa'a.